Tsirkiya Huɗu a Matonge

A Kinshasa, bayan shagon wani mai walda,
inda rufin kwano ke yoyo in an yi ruwa,
nan Papa Lokondo ya miƙo mini jitar bes,
tsirkiya huɗu, mai kaurin kamar igiyar shanya.
Ya ce, "Tshibola, riƙe. Kada ki fara kaɗawa."

Na riƙe. Kafaɗata ta haye har kunne,
na cije haƙora, numfashi ya maƙale.
Ya dube ni ya yi dariya, giɓinsa a fili:
"Ɓarawo kika kama, ko jita kika rungume?
Wanda ya shaƙe wuyanta ba ya jin muryarta.
Yi mata riƙon ɗan tsako,
ba sakewa, ba matsewa."

Mako uku bai koya mini waƙa ko ɗaya ba.
Ya zaunar da ni a bakin ƙofa,
inda Mama Nsimba da ƙanwarta ke dakan ganyen rogo.
Taɓarya ta tashi, taɓarya ta sauka,
ɗaya na sama, ɗaya na turmi,
suna hira, suna gulmar mai gidan haya,
ba wadda ke ƙirge, ba wadda ke kuskure.
Ya ce, "Ga makarantarki, saurari luguden nan.
Hannu ke aiki, rai yana hutawa."

Ni kuwa gaggawa ce cutata.
In kiɗa ya yi daɗi sai in ruga gaba
kamar akuyar da ta tsinke ta hango gona,
in bar Kalombo mai ganga yana harara.
In tsoro ya kama ni sai in ja ƙafa,
rumba ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo.
Lokondo ya nuna mini kogi da haɓa:
"Kin taɓa ganin Kongo ya ƙara sauri
don Brazzaville na kallonsa daga tsallake?
Masu ƙaramar jita su yi ta tsalle, rabonsu ne.
Ke ce ƙasa.
Ƙasa ba ta rawa, a kanta ake takawa."

Famfon gidanmu yana ɗiga tun ina yarinya.
Da shi na ƙulla abota da tsakar dare:
ɗigo, in taɓa tsirkiya,
ɗigo, in saki numfashi,
har na gane shirun da ke tsakanin ɗigo biyu
shi ma kiɗa ne, yana son a ba shi wurin kwanciya.
Yatsuna suka yi kanta, wuyan hannu ya yi laushi,
na daina farautar bugu, na bar shi yana zuwa.

Daren Asabar a Matonge,
wuri ya cika, gumi na bin bango,
muna tsakiyar waƙa aka ɗauke wuta.
Lasifika ta mutu. Mai ƙaho ya sauke ƙaho.
Kalombo ma ya tsaya, sanda a sama.
Ni dai ban tsaya ba.
Ba mai jina, ko ni da kaina,
sai katakon jita yana gurnani a cikina,
kuma can cikin duhu, takalma bisa siminti
suna ci gaba da sharar ƙasa, shar, shar,
kamar wani ya riƙe musu zaren tafiya.
Janareta ya yi tari, ya sake tari, ya kama.
Da sauti ya dawo, ya tarar da ni a inda ya bar ni,
ƙafata da ƙafafunsu bugu ɗaya suke saukowa.

Na nemi Lokondo da ido, ina jiran yabo.
Yana kujerarsa ta roba, hula ta rufe fuska,
kai ka ce barci ya sace shi,
sai babban yatsan ƙafarsa da ke motsi cikin silifa.
Da muka tashi ya karɓi jitar, ya goge mata wuya.
Ya ce, "A waƙa ta biyu kin ɗan yi sauri."
Sannan ya dafa kafaɗata,
ya same ta a ƙasa, tana hutawa.