Aya Mai Ƙafa

Alhaji Nomau ya ce ayarsa ta yi ƙafa.
Buhu ɗari huɗu ke kwana a sitonsa na Sabon Gari,
in an zo lissafi a rasa bakwai, wani makon tara.
Ya ajiye mini jika talatin a gefen tabarma,
ya ce, "Kai da ka ci zamaninka a jandarma,
kawo mini suna."

Na sa tsohuwar riga, na zauna wurin Ɗan Ladi mai shayi.
Daren farko ya cika mini kofi uku, bai ce uffan ba.
Dare na biyu ya ce, "Shef, matso nan,
daga wannan bencin an fi ganin ƙofar."
Wa zai ɓuya a Maradi?
Ka yi atishawa a Bagalam,
a yi maka sannu daga Ali Ɗan Sofo.

Jira ba ya da daraja a idon mai biya.
Sauron Gulbi ya san idon sawuna.
Wuta ta ɗauke, waya ta mutu,
hoton da na ɗauka baƙi ne kamar gindin tukunya.
Fitsari ya matse ni, na ƙi tashi,
don ɓarawo da fitsari lokacinsu ɗaya.
Na bi wani ɗan kabu-kabu har hanyar Tibiri,
ashe maganin uwarsa ya kai.
Sahura ta ce, "Mai gadi ma ya fi ka,
shi aƙalla yana da bargo."

Dare na takwas, ga Tunau ɗan dako.
Ya durƙusa bayan an watse,
yana share ayar da ta zube da tafin hannu,
da ƙasa, da tsakuwa, ya tara cikin hula.
Ba ta kai rabin tiya ba.
Na ɗauki hoton. Wannan karon ya fito sarai.
Na bi shi har Sura Bildi,
na ji ƴaƴansa ta bayan dannin kara
suna gardama kan wa ya samu mai zaƙi.

Dare na goma barci ya sace ni a kan benci.
Na farka da hantsi, kunya ta hana ni tashi.
Babbar mota ta ja baya, za ta Jibiya.
Don in kashe lokaci na shiga ƙirga,
kowane buhu goma, ƙwallon dabino ɗaya a aljihu.
Sittin da biyu suka hau.
Harisu, ɗan ƙanwar Alhaji, farar shadda, biro a kunne,
ya ɗaga murya: "Hamsin da biyar!"
Direba ya ce, "Haka ne."

Kwana goma ina tsaron duhu,
ashe rana tsaka ake yi, da bismilla.

Na goge hoton Tunau kafin in yi sallama.
Na zube ƙwallayen dabino gaban Alhaji,
na faɗi lambar mota, na faɗi suna.
Ya daɗe yana jan carbi.
Ya ce, "Yaron da na yi wa aure?
Shayi dai ka sha da kuɗina."
Cikon jika ashirin, har yau.

Ran Juma'a aka sallami Tunau.
Wai dole wani ya tafi.

Har yanzu nakan biya wurin Ɗan Ladi,
ƙafa ta saba, ba aiki ba.
Jiya yana ɗaga shayi sama yana saukewa
ya ce, "Shef, da ka tambaye mu tun daren farko.
Duk layin nan babu wanda bai sani ba."
Na ce, "Me ya hana ku faɗa?"
Ya hura wuta, ya ce, "Mu ba a biya mu ba.
Kai da aka biya, me ka samu?"