Kwali da Kalangu

Ƙusa ɗaya ce a bangon ɗakina na Gangare.
Kwalin digirina da kalangun Baba
a nan suke rataye, kafaɗa da kafaɗa, ba gaisawa.

Shekara arba'in Baba Barau na yi wa mahauta kiɗa
daga mayanka har bakin kasuwa.
Bai san baƙi ba, balle wasali,
amma in ya matse tsarkiya a hammata
fata kan kira mutum da sunan kakansa,
mai sunan ya ajiye wuƙa ya taso da rawa.

Ni kuwa shekara huɗu na yi
ina bin motar Farin Gada da sanyin asuba,
yatsu a sandare, ina koyon shanya sauti a layi biyar,
ɗigo-ɗigo, kamar tsuntsaye a wayar lantarki
da aka hana su tashi, aka hana su sauka.
Na rubuta taken Sarkin Fawa, na ci maki.
Da na buga wa Baba abin da na rubuta
sai ya ce, "Kamannin na nan, ɗana,
amma abin da ka kawo mini gawa."

Yanzu ina koyarwa a hanyar Bukuru.
Jadawali ya ba ni darasin ƙarshe,
lokacin da kunne ya toshe, ciki ke kiran yunwa.
Kayan aikinmu fiyano mai giɓi bakwai
da ɓera ya yi jego a cikinta,
sai tebur, sai tafi, sai tsohuwar garwa.
Albashi kan zo kamar baƙon da ya ɓata hanya.
Ran Asabar in sa kwat, in bi 'yan biki Rayfield,
a yi wa mawaƙi liƙi har ƙasa ta rufe,
mai jita a bayan lasifika ba mai dubawa.

Kaneng ta tsaya bayan an tashi, fom a hannu:
"Malam, in cike kiɗa?
Mama ta ce jinya, wai murya ba ta biyan haya.
Sagir ya ce shi Abuja za shi, situdiyo,
wai kwali ɓata lokaci ne ga mai baiwa."
Na buɗe baki, na rufe.
Wanda ke tsakiyar kogi
ina ya ga ta nuna wa wani wurin tsallakawa?

Ran Laraba na ɗauko Baba a Keke Napep.
Ajin da ba ya shiru ya yi tsit.
Ana cikin haka mai duba makarantu ya leƙo:
"Tsohon nan, ina shaidarsa ta koyarwa?"
Baba bai tanka ba. Ya dube shi, ya matsa fata.
Ashe jikan wani mahauci ne na Dilimi.
Na ga fayil ya sauka, tabarau ya sauka,
na ga ƙafa cikin takalmi sau ciki tana motsawa.
Duk da haka ya rubuta: ba shi da cancanta.
Hannunsa na rawa wajen rubutawa.

Kaneng, ga iyakar abin da na sani.
Kwali ya buɗe mini ƙofa, ban raina ba,
da shi nake sayen acca da maganin Baba.
Amma na shiga na tarar ɗakin ba kowa.
Ki cike in zuciyarki ta ƙi kwanciya,
ki kuma ji ta Mama, haya ba ta san waƙa ba.
Sai dai duk wadda kika bi, ki zo Gangare da la'asar
tun tsohon nan yana iya ɗagawa.

Ni ma can za ki same ni a tabarma,
ɗan shekara talatin da shida, ana gyara mini riƙon gula.
Kwali ya samu ƙusa shi kaɗai yanzu.
In an buɗe taga, iskar Shere ta shigo,
shi ma yakan ɗan taɓa kaɗawa.