Tarin Kakale

A shagon cajin Bagudu, bakin kasuwar Yawuri,
na kai wayata ta sha wuta,
sai na ji babana ya yi tari.
Tarin nan da yakan yi kafin ya ja kukuma.
Shekara tara ke nan da muka kai shi makwanci.

Na waiga. Yara sun yi cincirindo gaban allo.
Wani saurayi a fim, shadda sai ƙyalli,
ya jingina da mota yana motsa leɓe,
muryar Kakale na fita daga bakin
da bai taɓa kurɓar ruwan gungu ba.

An sa mata fiyano, an goge ta da na'ura
har ta yi santsi kamar tarwaɗa.
Inda numfashinsa ke yankewa duk an ɗinke,
tarin kaɗai suka manta.

Ba don budurwa ya yi ta ba.
Daminar da jirgin Tunau ya kife ya yi ta,
buhu goma sha biyu na shinkafa, mutum bakwai,
har da ƙanensa.
Da ya ce, "Maido mani abin da kika ɗauka,"
da Kwara yake.
Ga shi yau wata ce ke juyi cikin lambu,
wai zuciya ta ɗauka,
yara na amshi, suna tafi, sun haddace ta sarai.

Na tsaya har sunaye suka fara hawa.
Direba. Mai abinci. Mai riƙe lema.
Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe:
Waƙa, ta gargajiya.

Gargajiya ta haife ni ashe.
Gargajiya ce ta bar bashin gero wajen Jekada,
ita muka yi wa wanka ranar Laraba.

Na so in yi faɗa, ban ga da wa ba.
Bagudu ya ce turawa naira hamsin.
Na biya.

A gida Inna Ige na gyaran kifi.
Ta saurara, wuƙa a hannu, har fiyano ya shigo.
Ba ta tambayi kuɗi ba, ba ta tambayi mai shadda ba.
Ta share hannu a zane, ta ce,
"Wanga kiɗi ba nashi na ba.
Mai da shi baya, ɗana,
wurin da yat tari."