Hancin Jirgi

Chuwang ya ajiye guduma, ya miƙo mini waya
da hannu duk baƙin mai.
"Oga, duba abin da Japanawa suka zana."
Na goge tabarau da gefen riga.

Ban ga fuska ba, hanci na gani,
dogo, siriri, ya sunkuya ƙasa
kamar bakin zalɓe a kududdufin kuza
sa'ad da ya hango kifi bai ce wa kowa ba.
Tagar direba can baya, ɗan kumburi,
sai ka ce ƙwayar idon kwaɗo.
Babu kusurwa ko ɗaya da iska za ta kama.
Na nemi wurin walda, na ƙara girman hoton,
na nema har ido ya yi ruwa.

Shekara talatin da ɗaya
ina bugun ƙarfe a Farar Gada.
Motar da ta sumbaci tirela a Hawan Kibo
wurina ake jawo ta.
Na san abin da gudu ke yi wa goshi,
na san yadda ƙarfe ke naɗewa kamar tabarma,
wani lokaci da takalmin yaro a ciki.
Ni bayan gudu nake zuwa, da guduma.
Waɗannan sun riga shi isowa,
sun zauna da shi, sun tambaye shi me yake so.

Chuwang ya karanta mini a hankali,
yana bin layi da yatsa:
wai in jirgi ya faɗa ramin dutse a guje,
iska kan taru a gabansa, ta rasa hanya,
ta fashe ta ɗaya bakin kamar bindigar toka,
tagogin ƙauye su yi rawa.
Shi ya sa suka ja hancin, suka ƙara ja,
don ya tsaga ta a hankali.
Na ce, tsaya.
Kana nufin duk wannan tsawo
don wata tsohuwa ta gama barcinta ne?

Mahaifina, Ilu Mai Shebur,
shi ke ɗura wa jirgin Kafanchan gawayi.
Ya ce in sun fara hawan tudu
jirgin kan yi tari kamar mai asma,
ka sauka ka sayi masara, ka taka ka cim masa.
Yakan dawo gida idanu kaɗai ke fari.
Ran Lahadi na bi ta Taminus:
ciyawa ta cinye layin dogo,
wata mata ta shanya barkono a tsakanin ƙarafa,
akuya na kwance inda fasinja ke jira.
Ban yi fushi ba. Barkonon ya bushe da kyau.

"Oga, zai zo nan kuwa?"
Ban amsa ba, don ban iya ƙarya da safe ba.
Mai bas ɗin Bauchi na ta danna mana oda,
gefen motarsa a lotse tun Talata.
Na rufe ido na shafa wurin da tafin hannu,
yadda na saba,
amma yau ba lotsawar nake nema ba,
hanyar iska nake bi,
inda za ta hau, inda za ta zame,
inda za ta yi tuntuɓe ta yi ihu.

Da yamma, da sanyin Shere ya sauko,
na ɗauko guntun alminiyon da ya rage,
na ɗora a kan kututture.
Chuwang ya kawo babbar guduma.
Na ce a'a,
miƙo mini ƙaramar,
kuma kashe rediyon nan, ina so in ji.