Dainamo Ya Manta

Shamuwa sun bar sheƙarsu a kan falwaya,
dankali na ƙasa yana jiran haƙa,
rediyo ta ce ruwa zai sauko ran Laraba,
ni kuwa ina rumfar katako, gab da kogin Narew,
hannu duk baƙin mai, ina hararar tarakta.

Ta girme ni da shekara goma sha tara.
Kwana uku ke nan sai an tura ta gangaren rijiya
kafin ta yi tari ta tashi.
Jar fitilar nan ta gaban sitiyari
ta ƙi mutuwa, sai ka ce idon mai zazzaɓi,
allura kuma ta karkace hagu a fuskar mita.

Maƙwabcinmu Mieczysław ya rantse batir ne.
Na sayar da agwagi shida, na sayo sabo.
Kwana biyu, sabon ya bi sahun tsoho.
Ashe ba tulun ke yoyo ba,
mai ɗebo ruwan ne ya kwanta.

Na danna bel da babban yatsa, bai saki ba.
Na kankare koren gishirin da ya ci bakin wayoyi.
Na kwance dainamo, na rungumo shi zuwa benci,
nauyinsa ya kai na ɗan tunkiya.
Gawayin nan biyu masu gogar tagulla,
ɗaya ya cinye, saura guntu kamar haƙorin tsohuwa.
Na ce yauwa, ɓarawo ya zo hannu!
Na sa sababbi, na bi tagulla da samfefa har ta yi ƙyalli,
na mayar, na ɗaure, na tayar.
Jar fitila ko gezau.
Babu ko ɗigon wuta.

Kaka Teofil na bakin ƙofa, bargo a gwiwa.
Tun bara yake kirana da sunan mahaifiyata,
yana tambaya ko an shayar da wani doki
da ya mutu tun ban zo duniya ba.
Ya ɗago kai ya ce,
"Miƙo min guntun waya, Danuta."

Na miƙa don dai kada ya yi fushi.
Hannun na rawa tun daga kafaɗa,
yana dafa ƙarfe rawar ta tsaya cak.

"Ƙarfen cikinsa na riƙe ɗan maganaɗisu," in ji shi,
"kaɗan, kamar tsamin ƙullu
da kakarki ke ragewa don burodin gobe.
Da wannan yake fara tuwo.
An bar shi duk hunturu, an cire, an mayar, an bubbuga,
lafiyarsa lau, yarinya.
Hanya ce kawai ya manta."

Ya ɗora baki ɗaya a kan batir,
ɗayan ya kai shi ga ƙaramin noti,
ƙyas! shuɗin tartsatsi, ya janye.
"Sau ɗaya. Kada ki daɗe.
Tuni ake yi masa, ba duka ba.
Hau ki taka ta."

Inji ya kama, rumfa ta cika da hayaƙi.
Allura ta yi makyarkyata, ta yi shawara da kanta,
ta miƙe tsaye,
ta tsallaka dama a hankali kamar mai ƙetare rafi.
Jar fitila ta dushe, ta zama garwashi,
ta lumshe, ta huta.

Na juyo da godiya cike da baki,
na tarar yana laluben bargonsa,
yana tambayar wa ya bar dokin a waje.

Ruwan bai jira Laraba ba, Talata ya sauko,
amma mun kwashe kunya talatin da biyu.
Wayar na nan a aljihun rigata.
Da dare na kai masa miya,
na taɓa bayan hannunsa, sau ɗaya, ban daɗe ba,
na ce, "Kaka, Malwina ce."
Ya dube ni, ya dube ni,
cokali a tsaye tsakanin kwano da baki.
Ya ce, "Je ki rufe rumfa,
kada raɓa ta sauka kan tarakta."