Kwakwar Dona Zuleide

Ƙarfe uku saura kwata, ruwa na dukan Recife,
Capibaribe ya cika ya batse har wuyan gada.
Manhajar albashin asibiti ta tsaya cik,
mutum dubu huɗu za su duba asusunsu da safe,
ni kaɗai a tsohon ɗakin ajiyar sukari
da muka mayar ofis.
Kofi ya huce, ido ya yi ja.

Na buɗe fayil ɗin da hannu bai taɓa ba
shekara goma sha ɗaya.
A layi na ɗari biyu da shida, sai ga ta:
"Kai da dare ya koro ka nan,
lissafin lafiyarsa lau.
Duba agogon uwar garke, sannan ka sha ruwa."

Na duba. Agogon ne.
Na tashi na sha ruwan.

Ranar da na fara aiki
layi ɗari uku na dire mata,
ina ɗagawa kamar zakara a kan juji.
Ta gyara tabarau, ta karanta, ba uffan.
Can ta ce: gaya wa waccan abin da kake nufi.
Waccan kuwa busasshiyar kwakwa ce a gefen tebur,
an zana mata ido da biro, ɗaya ya fi ɗaya.
Na soma yi wa kwakwa bayani,
kunya kamar ƙasa ta tsage in shige,
ban kai rabi ba na hango ramin da na haƙa wa kaina.
Layi tara suka tsira.
Har yau suna bakin aiki.

Wata Juma'a na share rumbun bayanai kaf
da ɗan yatsa guda.
Manaja ya faɗo yana kumfar baki: wane ne?
Ko kai ba ta ɗago ba:
"Ni na bar ƙofa a buɗe, iska ba ta da laifi."
Muka kwana muna tsintar abin da ya zube,
ta aika aka sayo wainar rogo da cuku.
Ba ta ƙara tayar da zancen ba.
Litinin dai na tarar da ƙofar da kwaɗo biyu.

Kar in yi mata ƙarya, tana da kaushi.
Yabo a bakinta sai an tona.
Ta sa Edvaldo hawaye a kan suna guda
da ya raɗa wa wani guntun aiki.
"Suna alkawari ne," in ji ta,
"kar ka kira tulu rijiya."

Yau Edvaldo na Lisbon, Lindalva na Toronto,
Cícero ya watsar da harkar, yana kiwon zuma.
Sauran ban san inda ruwa ya kai su ba,
amma in rubutun baƙo ya faɗo hannuna,
na ga sunaye ba sa ƙarya,
na ga an bar wa mai zuwa fitila a kwana,
sai in ce a raina: ɗan gidanmu ne.

Ita tana Garanhuns, ido ya dushe,
allo ya zame mata farin bango,
tana rainon barkono a gwangwanin madara.
Bara na je, na ɗauko godiya tun daga tushe,
ta katse ni: "Kuna adana bayanai kullum?"
Na ce ƙwarai.
"Kun taɓa gwada maido da su?"
Na kalli barkono.

Gari ya waye, albashi ya shiga,
ba wanda zai san an yi wani abu.
A ƙarƙashin layinta na ƙara nawa:
"Gaskiyarta. Akwai biskit a aljihun tebur na biyu."

Ƙarfe takwas Wellison ya shigo a jiƙe,
sati uku ke nan da ɗaukarsa,
ya juyo min allonsa, murmushi har kunne.
Na karanta. Na buɗe baki,
na ji muryar da ba tawa ba tana shirin fita.
Na tura masa kwakwar.
Idonta na hagu ya kusa gogewa.
Na ce ara min biro tukuna.