Rarrafe a Falo

Hannun wani Gareth na sayo ta a Keighley,
fam sittin, ya ƙara mini da wayarta.
Baƙar akwati, nauyin rabin buhun gero,
na shigo da ita gida ina nishi.

Risiba tun bara tana ƙarƙashin talabijin,
da ƙananan sifiku biyar masu iya ƙoƙarinsu,
amma in hadari ya taso a fim
sai ka ji kamar ana murza leda.
Tsawa ce, ba ta da ciki.
Wufa na kawo ta ba su ciki.

Bayan risiba ramuka ne kamar saƙar zuma,
ja, fari, baƙi.
Guda ɗaya ne nata, har da suna a kai.
Tana da amfilifayarta, ba ta cin tuwon kowa:
wuta daga bango, magana daga risiba.

Na kunna, sai ƙugi,
irin na firjin da ya tsufa.
Ashe soket daban-daban na ba su.
Da na zaunar da su a tabarma guda
suka yi tsit.

Sai rabon gona. Na kafa iyaka a tamanin:
duk amon da ya gangara ƙasa nata ne,
na sama kuma na 'yan biyar.
Na shaida wa risiba cewa ƙanana ne.
Ba su so ba, amma gaskiya ce.

Duk da haka a kujerata ba na jin komai,
a bakin kicin kuwa kwanuka na rawa.
Sabi'u ya ce ta waya daga Leicester:
ɗora ta inda kake zama,
kai kuma ka sauka ƙasa,
ka yi rarrafe kana saurare.
Inda ta yi maka daɗi, nan ne gidanta.

Ga ni, shekara arba'in da huɗu,
mai haɗa magani a asibiti,
gwiwa da tafin hannu a kafet,
kunne na shinshinar bango.
Zinatu ta ɗare bayana, ta samu jaki.
Barira ta tsaya da ludayi a hannu,
ba ta ce komai ba, kuma na ji.

Tsakanin hita da kantar littattafai
amon ya zauna daram.
Saura ɗan makunnin baya:
sifili, ko ɗari da tamanin.
Zinatu na juyawa, ni na rufe ido.
Juya. Mayar. Juya.
Tsaya nan.

Dirim.
Ba ta kunne ya shigo ba, ta ƙirji.
Ruwan Bradford ba shi da murya,
yayyafi ne mai sanɗa kamar wanda ake bi bashi.
Wannan kuwa hadarin farko ne a Malumfashi,
rugugin da ke zuwa kafin iska,
kafin a ce a kwashe shanya.
Shekara goma sha ɗaya rabona da shi.

Sai ƙwanƙwasa ƙofa.
Misis Holroyd, bango ɗaya ya raba mu,
da silifas, da rigar sanyi.
Na fara haɗa ban haƙuri.
Ta ce ta cire na'urar kunnenta tun yamma,
ba ta ji komai ba,
ƙafar kujerarta ce ta faɗa mata.
Haka daɓen masaƙa yake yi, in ji ta,
lokacin da take kai wa mijinta abinci.
Ta ɗan tsaya, hannunta a jikin ƙofa.

Sannan ta ce kofunanta na tafiya a kanta,
bayan ƙarfe tara a tausaya musu.

Na rage murya zuwa inda kofi zai tsaya,
na ɗiga wa wurin farin fenti.
Ranar Asabar da rana
nakan wuce ɗigon kaɗan.
Ba ta taɓa buga bango ba.